Cike gurbi, maye gurbi ko cike giɓi?

Jama'a, tun jiya muke ja-in-ja kan yadda za a ce by-election da Hausa, wato zaɓen da ake yi idan kujerar ɗan majalisa ta zama babu kowa kafin wa'adi ya ƙare. Wasu sun ce zaɓen cike giɓi, wani malami ya dage sai zaɓen maye gurbi. Ni ina kan zaɓen cike gurbi, kuma ga abin da ya tsayar da ni.

A Niyu Zilan akwai mazaɓar Mount Albert, cikin birnin Auckland. Ƙarshen 2016 ɗan majalisarta David Shearer ya ajiye kujera don ya jagoranci tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya a Sudan ta Kudu. Shi ma ta irin wannan zaɓe ya shigo a 2009, bayan Helen Clark da ke kan kujerar ta tafi shugabancin UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 25 ga Fabrairu 2017 aka kaɗa ƙuri'a, jam'iyyar National ko ɗan takara ba ta tsayar ba, Jacinda Ardern ta Labour ta lashe. Watan Oktoba bai ƙare ba ta zama firaminista.

To malam, a nan nake so ka duba. Lokacin da Ardern ta tsaya takarar, tana cikin majalisa tuni, amma ba ta da mazaɓa, ta jerin sunayen jam'iyya ta shiga. Da ta ci Mount Albert sai waccan kujerar tata ta zama babu kowa. Ba wanda ya je rumfar zaɓe saboda ita. Aka bi jerin, Raymond Huo ya zauna. Wannan shi ne maye gurbi: wani ya tashi, wani ya gaje shi. Idan muka ba wa zaɓen wannan suna, da me za mu kira abin da ya faru da Huo?

Giɓi kuwa na haƙori ne, ko na kasafin kuɗi, abu ya gaza ana neman ciko. Kujerar majalisa ba gazawa ta yi ba. Tana nan da iyakokinta da masu ƙuri'arta, mai zama kawai ta rasa, kamar gurbin da kaza ke kwanci in ta tashi. Kuma gurbin ido ba ido ba ne: mutanen Mount Albert sun yi kusan wata biyu suna da mazaɓa ba su da wakili.

Wata 'yar uwa ta tambaya ko kalmar ta haɗa da zaɓen da kotu ta rushe. Ni dai zan fi so mu ce sake zaɓe ga wancan, mu bar cike gurbi ga mutuwa, murabus da kiranye.