Tsofaffin 'yan wasana suna ƙarewa da wuri, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Maraɗi nake, unguwar Bagalam. Wata 8 ke nan ina buga wasan besbol na kwamfuta, irin wanda kai ne mai horar da ƙungiya, kana sayen 'yan wasa kana sayarwa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, da ɗan wasa ya haura shekara 33 sai ya zube kamar buhun da aka farke. Ina da wani mai jifan ƙwallo da na rena tun yana 21. Daren jiya bayan isha'i na buɗe sabuwar kaka, na tarar ƙarfin hannunsa ya sauka ƙasa warwas, alhali bai ji ko rauni ba. Wallahi har barci ya gagare ni.

A zahiri ai ba haka abin yake ba. Cikin masu jifan besbol na Amurka, Nolan Ryan ya yi jifa har yana 46, Jamie Moyer kuma ya ci wasa a 2012 yana da shekara 49.

Na rage saurin tsufa a saituna, na ƙara masa kwanakin hutu, duk shiru. Shin gyaran yana kama kakar da aka riga aka fara, ko sai na soma sabuwa? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, ba na son in sayar da shi.