Tantancewar NCAA ta tsaya mana saboda sakamakon JSS3

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan ƙwallon kwando ne, wata jami'a a Amurka da ke rukunin Division I (mataki mafi girma a wasannin jami'o'in ƙasar) ta nuna tana son ɗaukarsa. Mun yi rajista da NCAA Eligibility Center, wato ofishin tantance 'yan wasa na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, an tura sakamakon WAEC da na SS1 zuwa SS3. Sharaɗin shi ne manyan darussa 16 da GPA (matsakaicin maki) aƙalla 2.3, kuma a lissafina ya wuce haka.

Inda muka maƙale shi ne ana son takardu tun daga shekara ta 9 ta karatu, wato JSS3 a tsarinmu. Makarantar kuɗin da ya yi ƙaramar sakandare a Kaduna ta rufe, mai ita ma ya bar gari. Na je makarantar da ya gama, sun ce ba su riƙe komai na can ba. Abin da ya rage a hannunmu takardar BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare) ce kawai, da katin sakamakon zango ɗaya. Kocin jami'ar kuwa ya ce ba zai iya ajiye masa gurbin ba sai an kammala tantancewa, abin ya hana ni barci.

Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya: takardar BECE kaɗai za ta iya maye gurbin sakamakon JSS3 a wajensu?