Hurumin majalisa ne ko cushe? Muhawara a zauren 'yan Gangare, Jos

Nasiru: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana. Aikin majalisar tarayya a kasafin kuɗi shi ne ta duba, ta amince ko ta rage. Duk kwabon da ta ɗora a kan abin da shugaban ƙasa ya kawo cushe ne. Tinubu ya kai musu naira tiriliyan 27.5 a Nuwamban 2023, kafin Disamba ya ƙare sun mayar da shi tiriliyan 28.7. Wa ya aike su?

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam. Tsarin mulkin 1999 ne ya aike su, ƙanena. Sashe na 81 ya ce shugaban ƙasa ya gabatar da ƙiyasi, sashe na 80 kuma ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da dokar majalisa. Femi Falana ya kai wannan magana kotu, a 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce majalisa na da ikon sauya alƙaluman. In ba ta da shi, me sanatoci 109 da wakilai 360 za su je yi?

Hajiya Rabi: Allah ya yi miki albarka, Barista. Ku maza ba ku bin 'yan garuwa da asuba. Layinmu sai da wani ɗan majalisa ya sa mana rijiyar burtsatse a kasafi muka huta da sayen jarka. Wane darakta ne zai zauna a Abuja ya tuna da lungunmu?

Nasiru: Hajiya, ki yi haƙuri, rijiyarki daga ina aka yanko kuɗinta? Ranar 20 ga Yunin 2018 da Buhari zai sa hannu a kasafi, da bakinsa ya ce an zabge biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ya kawo, aka shigo da sababbi 6,403 na biliyan 578. Cikin waɗanda aka rage wa kuɗi har da wutar Mambilla. Sai mu samu rijiya, Arewa ta rasa wuta.

Barista Hauwa: Kuma ya sa hannun ai. Da ya ƙi, sashe na 59 ya ba shi kwana 30, daga nan sai majalisun biyu su zauna tare, su nemo kashi biyu cikin uku kafin su tsallake shi. Ba a matse yake ba ma, don sashe na 82 ya yarda ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin kasafin da ya gabata.

Malam Sani: Ku bar ni in sa baki, na yi ritaya ne daga sashen kuɗi na wata ma'aikata, na sha zuwa kare kasafi. Tun kafin takarda ta isa majalisa, Ofishin Kasafi ya riga ya yanka wa kowace ma'aikata iyakar da ba za ta wuce ba, bisa tsarin shekara uku da dokar tsara kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta tanada, inda ake tsayar da farashin gangar mai da na dala. Shugaban ƙasa ya gabatar, a yi karatu na biyu, sai a rarraba wa kwamitoci. A nan maganar take. Za ka ga babban sakatare da daraktoci a tsaye a baranda da tulin fayil tun safe, a kira ku bayan la'asar, cikin ɗan lokaci a ce kun gama. Daga baya in dokar ta fito sai mu buɗe shafinmu mu ga fitilun kan titi da rabon kekunan ɗinki, a ma'aikatar da ba ta da injiniya ko ɗaya. Ba mu nema ba, ba mu san wurin ba, amma mu za mu ba da kwangilar. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, ikon ƙarin kuwa ban taɓa musu a kai ba.

Alhaji Garba: Malam, to me ya sa duk wanda ya buɗe baki sai a kore shi? Abdulmumin Jibrin, wanda ma ya shugabanci kwamitin kasafi na majalisar wakilai, ya zargi shugabannin majalisar wakilai da cushe a 2016, suka musanta, aka dakatar da shi kwana 180 na zama. Sanata Abdul Ningi ya faɗa wa BBC Hausa a Maris 2024 cewa akwai tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukansu ba, aka dakatar da shi wata uku.

Barista Hauwa: Alhaji, an amsa wa Ningi fa. An ce kason hukumomi ne irin su INEC da ɓangaren shari'a da ita kanta majalisar, waɗanda ake rubuta nasu a dunƙule.

Nasiru: Anti, dunƙulen ai shi ne ciwon! Na ji batun kotu, amma wanda zai binciki yadda aka kashe kuɗi bai kamata ya zama shi ya zaɓi aikin ba. Biliyan 100 na ayyukan mazaɓu duk shekara bai isa ba?

Malam Sani: Kuma ku sani, sa hannu daban, sakin kuɗi daban. Albashi da biyan bashi su ke fara tafiya, manyan ayyuka sai abin da ya rage. Shi ya sa aka yi ta tsawaita ɓangaren ayyuka na kasafin 2024 har cikin 2025. Aiki na iya zama a takarda shekara ta ƙare ba a haƙa ko rami ba.

Hajiya Rabi: Ni dai ban yarda a ƙwace musu ikon ba. Amma Barista, tunda Ofishin Kasafi na sa dokar a intanet, ki ciro mana duk abin da aka rubuta da sunan Jos a bana, da ma'aikatar da aka liƙa wa kowanne. Ranar Asabar bayan la'asar sai mu raba unguwanni mu je mu duba.

Barista Hauwa: To Hajiya. Nasiru, kai za ka taya ni, shafukan suna da yawa.