Shin macijin masara zai rayu a zafin Garwa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Faransa yana kiwon wani maciji da ake kira macijin masara, mai launin ruwan lemo da ɗigo-ɗigon ja, kuma da yake ya kusa dawowa gida, yana so ya taho da shi in riƙe masa. Ya tabbatar mini ba shi da dafi. Abin da nake son sani shi ne ko dabbar za ta jure yanayinmu na nan Garwa, a arewacin Kamaru, da kuma abin da zan riƙa ciyar da ita.

Malamin Kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka ya faɗi gaskiya: asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, irin su Fulorida da Jojiya, kuma ba ya kisa da dafi, nannaɗe ɓera yake yi ya matse shi. Tsawonsa yakan wuce mita 1, kuma a hannun mai kula yana iya kaiwa shekara 15 zuwa 20, wato amana ce mai tsawo za a ɗora maka.

Amma Turawa sanyi suke yaƙa, shi ya sa duk shawarwarinsu na ɗumama akwati ne, mu kuwa akasin haka ce matsalarmu. Macijin yana son gefe guda na akwatinsa ya kai kamar digiri 30, ɗaya gefen kuma ya tsaya kusa da 24, domin ya riƙa kai-komo tsakaninsu. A Maris da Afrilu Garwa takan haura digiri 40, kuma akwatin gilashi a ɗakin kwano, ranar da aka ɗauke wuta, tanderu ne. Da hunturu kuma bushewar iska kan hana shi yin saɓa yadda ya kamata, sai an tanadar masa kwanon ruwa da maɓoya mai ɗan laima. Idan ba ka da ɗakin da ke riƙe sanyi dare da rana, ban ba ka shawarar karɓa ba.

Mai Kiwon Zomaye:
Malam ya gama maganar zafi. Game da ci, babba yakan haɗiye ɓera ɗaya a kwana 7 zuwa 10. Kada ka ba shi ɓeran gida ko na rumbu, domin wataƙila ya ci guba, sai dai ka yi kiwon naka. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, saboda ƙwayar cutar salmonela. Kafin a sayi tikiti kuma, a je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun dawa a tambayi takardun shigo da shi.

Hajiya Uwar Gida:
Ɗana, ka shawarci mutanen gidanka kuwa? Macizan nan sun shahara da ture murfi su sulale. A yankin da kububuwa ta yi wa manoma da makiyaya illa, babu maƙwabcin da zai tsaya tambayar asalin maciji kafin ya ɗauki sanda. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da ya saba ganin ana wasa da maciji a tsakar gida, ya je gona ya miƙa wa kububuwa hannu.

Ɗan Garwa:
Na gode, Hajiya, na gode Malam. Ina da yara uku, ɗakina kuma na kwano ne. Zan ce masa ya nema masa mai riƙo a can.