Yatagan: Takobi Ne Ko Adda?

Mai Sautu: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Na ba wani mai zuwa sarin kaya Istanbul kuɗi ya sayo mini yatagan, sai ga shi da wani takobi da ya lanƙwashe baya kamar jinjirin wata, har da kariyar hannu. Na ce ba shi na aike ka ba, ya ce ai duk takobin Turkawa yatagan ne. Wallahi ba haka ba ne! Wanda ya kawo kilij ake ce masa. Yatagan takobi ne gajere, ruwansa ya ranƙwafo ta wajen kaifi, ba shi da kariyar hannu, ƙarshen mariƙinsa kuma ya buɗe gida biyu, Turkawa na kiransu kunnuwa. Yanzu ya ƙi maido mini kuɗina. Ku ba ni shawara.

Kawu Maƙeri: Allah ya mayar da alheri, ɗana. Amma ka daina ce masa takobi. Ƙarfen da ruwansa bai wuce santimita 60 zuwa 80 ba, mai baki ɗaya, nauyinsa a gaba don sara, mu a maƙera adda muke ce masa. Takobi miƙaƙƙe ne, baki biyu, da hamila ake rataya shi. Wancan a ɗamara ake soke shi.

Ɗalibi a Konya: Haba Kawu, adda fa? A fadar Topkapi da ke Istanbul akwai yatagan da Ahmed Tekelu ya ƙera wa Sarkin Turkawa Sulaiman wajen 1526, an yi masa ado da zinariya. Sarkin da ya kai yaƙi har ƙofar Biyana shi zai riƙe adda? Makamin Janisari ne, wato zaratan sojojin sarkin Turkawa, har Sarki Mahmud na Biyu ya rushe su a 1826.

Kawu Maƙeri: Zinariya ba ta sauya aikin ƙarfe, yaro. Ka taɓa hura zugazugi?

Ɗalibi a Konya: Ban taɓa ba, Kawu, amma ina jin Turkanci. Ana danganta sunan da "yatmak", wato kwanciya, kuma akwai gari mai suna Yatagan a lardin Denizli da har gobe ake ƙera wuƙaƙe.

Kawu Maƙeri: To ka ji da bakinka, wuƙaƙe!

Ɗan Agadas: Kuna ta ja-in-ja kan takobi kamar kalmarku ce. Takoba ce, ta Abzinawa. A wurinmu kuka aro, kuka sauya mata wasali.

Bakanon Asali: Wa ya ce ku ne farko? Ina hujja? Ka zo hawan Daushe ka ƙirga takubba, sannan ka faɗa mini wa ya ari na wani.

Ɗan Agadas: Yawan mahaya ba hujja ba ne. Namu kullum yana kafaɗa, naku sai Sallah ake ciro shi daga kube.

Babarbariya: Duk ku saurara. In maganar Turkawa ce, Borno ce ta san su. Mai Idris Alooma ya aika jakadu ga Sarkin Turkawa Murad na Uku a shekarun 1570, limaminsa Ibn Fartuwa kuma ya rubuta cewa akwai Turkawa 'yan bindiga a rundunarsa. Lokacin ina kuke?

Bakanon Asali: Yaya, bindiga kika ambata, ba yatagan ba. Kuma lokacin Kurmi na ci, tun zamanin Rumfa.

Babarbariya: Cin kasuwa daban, aika jakada daban.

Mai Sautu: Don Allah jama'a, kuɗina fa? Ba wanda ya ce komai kan mutumin nan.

Ɗan Agadas: Malam, bari mu gama da Bakanon nan tukuna.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: Kawu ya yi gaskiya, domin mai sana'a ya fi kowa sanin kayansa, mu da muka tashi a gidan ƙira mun san adda in mun gan ta. Ɗalibinmu ya kawo tarihi mai kyau, amma a ganina bai amsa batun cewa yatagan mai baki ɗaya ne ba. Maganar Agadas da Borno ba ita ta tara mu ba. Mai Sautu, ka samu dattijan kasuwa su shiga tsakaninku. Na rufe zaure sai da safe.