Dokar taimaka wa majinyaci ya mutu: me ya sa likitoci da dama ke ƙin ta?

Abban Safiya:
Assalamu alaikum. A watan Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince, da ƙuri'a 314 a kan 291, da ƙudirin da zai bai wa majinyacin da aka fid da rai da warkewarsa damar neman a taimaka masa ya mutu. Ba hukuncin addini nake tambaya ba, kowa ya san ayar da ta hana mutum kashe kansa. Daga likitoci da lauyoyi nake son ji: mutum yana cikin azaba, da hankalinsa, shi ya nema da bakinsa, to ina matsalar take a aikace?

Dokta Maman Hanif:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu ɗauki jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997, kuma ita ake yawan kwaikwayo. Sharaɗi shi ne likitoci biyu su tabbatar cewa majinyacin ba zai wuce wata shida ba, ya roƙa da baki sau biyu, sannan ya rubuta a gaban shaidu biyu. A takarda ya yi kyau. Amma wata shidan nan kirdado ne. Likita yakan gane mutumin da ya rage masa kwanaki, amma da zarar an shiga lissafin watanni kuskure yana yawa, musamman a ciwon zuciya da na huhu, inda mutum zai galabaita yau, jibi ka same shi yana shan kunu da hannunsa.

Sannan maganar azaba. Rahoton da jihar ke fitarwa duk shekara ya nuna ba zafin ciwo ne kan gaba a dalilan masu nema ba. Abin da suka fi ambata shi ne sun kasa yi wa kansu komai, sun daina jin daɗin abubuwan da suka saba, kuma da yawa suna jin sun zame wa iyali kaya. Wanda ya ce "na gaji da wahalar da 'ya'yana" ba magani mai kisa yake buƙata ba. Sau da yawa ciwon damuwa ne ke magana, kuma yana jin magani, amma kaɗan ne ƙwarai ake turawa wurin likitan ƙwaƙwalwa kafin a rubuta musu takardar.

Ko mutuwar ma ba kullum take zuwa salin alin ba. Rahotannin sun kawo waɗanda suka yi amai bayan sun sha, da waɗanda suka farka, da wanda ya haura kwana huɗu kafin rai ya fita. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta da wannan aiki a taronta na Tbilisi a 2019.

Barista Ɗan Gwale:
Likita ta gama da ɓangarenta. Mu a shari'a abin da ke ba mu tsoro shi ne shingen ba ya tsayawa inda aka kafa shi. Kanada ta halatta a 2016 ga wanda mutuwarsa ta gabato. A 2021 aka cire wannan sharaɗin, har mai naƙasa ko doguwar jinya ya shigo ciki. Na masu taɓin hankali kawai an ɗage shi zuwa Maris 2027. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya, kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin a ƙasar. Beljiyam ta fara a 2002, a 2014 ta cire iyakar shekaru ga yara. Dalilin faɗaɗar a fili yake: in doka ta ce wahala ce hujja, da wane baki za a hana wani mai wahalar don kawai tasa ba mai kashewa da wuri ba ce?

A Holan, wata dattijuwa mai ciwon mantuwa ta taɓa rubuta wasiyyar neman haka. Ranar da za a yi, a 2016, an sa mata maganin barci a kofi, da ta motsa sai da iyalinta suka riƙe ta. Kotu ta wanke likitar a 2019, kotun ƙoli ta tabbatar a 2020. Yardar wa aka bi, ta matar da ta rubuta ko ta matar da aka riƙe?

A Najeriya taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne a Kudu da Arewa, kuma yardar mamacin ba ta wanke wanda ya yi.

Abban Safiya:
Na gode. To wanda ya ce a daina masa magani fa, ko iyali suka yarda a cire na'urar numfashi? Ba duk kanwar ja ce ba?

Sista Talatu:
A'a Malam, da bambanci. Wanda ya ƙi magani ciwonsa ne ya kashe shi, wanda aka taimaka wa ya mutu kuwa maganin da aka ba shi ne. Kotun ƙolin Najeriya, a shari'ar Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, har ƙarin jini. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya.

Game da zafin ciwo, yawancinsa yana kwantawa da ruwan mofin na sha. Ana ba shi bisa agogo, duk bayan awa huɗu, ba sai majinyaci ya fara ihu ba, ana ƙara ma'auni a hankali, a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko domin yana ƙulle bayan gida. Inda ake kuskure shi ne a ji tsoronsa a ba da kaɗan, ko a bari sai ciwo ya dawo. Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi tun 2004, saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka.