Shawarwari ga mai niyyar ba da kyautar ƙoda

Ga abin da na tsinta daga tattaunawarmu da waɗanda suka riga suka ba 'yan'uwansu ƙoda. Yawancinsu tiyatar ƙananan ramuka aka yi musu, wadda aka fara a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1995. Likita kan huda ciki wuri uku ko huɗu, ya hura iska, ya zura kyamara, sannan ya zaro ƙodar ta wata 'yar tsaga a mara. An fi cire ta hagu saboda jijiyar jininta ta fi tsawo.

Sun yi ta jaddada a tambayi likita sau nawa ya yi aikin, kuma a sani idan jini ya ɓalle za a iya komawa babbar tsaga. Wannan tambaya, a ganina, ba ta kunya ba ce.

Ciwon kafaɗa bayan aiki iskar da aka hura ce ke jawo shi, yana wucewa. A tashi a taka da wuri, amma ban da ɗaukar jarkar ruwa sai bayan mako 6. A guji ibuprofen da diclofenac (magungunan rage ciwo ne), a riƙa auna hawan jini duk shekara.